Ranar da Odita Ya Kama Banki da Kuskure

"Ni banki zai yi wa wayo? Ni? Wallahi kafin watan nan ya mutu, manaja da kansa zai tako har ƙofar shagon nan, ya tuɓe takalmi, ya ba ni haƙuri, sannan ya ajiye mini canjina!"

Mai wannan cika baki maƙwabcina ne a layin kasuwarmu, mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, muna ce masa Odita, wato mai binciken kuɗi. Kada ka ɗauka karatun ya yi. Wata uku ya taɓa yi yana masinja a ofishin wani akanta, yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, tun daga nan ya yanke wa kansa hukuncin cewa ilimin lissafi ya shige shi ta hammata. Biro uku ne kullum a aljihun gabansa, baƙi da shuɗi da ja, jan shi ne na yaƙi. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba mu, saboda haka abin da zan gaya maka ba ji na yi ba, a kaina aka yi shi. Har yau in na tuna sai na ji ina taka keke da ƙarfin da bai kamata ba.

Asalin abin, bankin da ke bakin titi ne ya fito da rancen 'yan kasuwa. Mu uku muka karɓa rana ɗaya. Ni na sayi keken ɗinki na lantarki, Hajiya Mai Robobi ta cika shagonta da bokitai da kujeru, Odita kuma ya karɓi dubu ɗari tara ya sayi firiza manya guda uku, su ne kuma jinginar bashin. Ni da Hajiya muna biya, ko da yake, tsakanina da kai, ba ma cika biya a kan rana ba. Wani watan mu makara da sati, wani watan da sati uku, ba wanda ya taɓa ce mana kanzil. Odita kuwa wata huɗu ya biya ya ja birki.

Na ce, "Me ya sa ka daina?"

Ya ce, "Cire-cire! Cajin saƙo, cajin kula da asusu, cajin hatimi, ga kuɗin ruwa kamar ana tatsar saniya. Na shigar da ƙorafi. Kai ba ka sani ba, tela, da zarar ka shigar da ƙorafi bashi daskarewa yake yi, ba gaba ba baya."

"Wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya mini? Ai ni nake gaya wa mutane."

Daga baya na gano inda ya shigar da ƙorafin. Maigadin banki ya gaya wa da baki, shi kuma maigadi ya ce Allah ya kyauta.

Da aka yi wata bakwai shiru, sai ga takarda daga banki, suna tuna masa cikin ladabi cewa firizojinsa jingina ne. Nan Odita ya yi wannan rantsuwa da na fara da ita. Ya tafi ya ce a buga masa bayanin asusun bashinsa tun daga ranar farko, kwafi biyar, kowane da hatimi: ɗaya nasa, ɗaya na lauya, ɗaya na 'yan jarida, biyu na ko-ta-kwana. Aka gaya masa kowane shafi da cajinsa.

Ya ce, "Ku zuba a asusun. Duk za ku amayar da shi."

Kwana biyu bai sayar da ko ƙanƙara ɗaya ba. Ya shimfiɗa takardu a kan murfin firiza, ya ari rulata, yana ja da jan biro yana huci. Mai saye ya zo ya ce a ba shi ruwan sanyi, ya ce masa ba ya ganin ana aiki? Ran na uku ya faɗo shagona kamar an koro shi.

"Tela, zauna da kyau. Miliyan arba'in da ɗaya!"

"Na me?"

"Abin da suka cire mini. Ga shi nan layi-layi a gefen dama, na tara shi sau uku. In aka fitar da ɗan abin da suke bi na, miliyan arba'in cif nake bin su. Ɗoriyar na yafe musu, su sha ruwa."

Ni dai inci da rabin inci na sani, amma abin ya tsaya mini a wuya. Na ce, "Odita, ta yaya za a cire miliyan arba'in daga asusun mutumin da bai taɓa riƙe miliyan ɗaya ba?"

Ya dube ni da tausayi ya ce, "To ai shi ne satar!"

Ka yi mini dariya in ka so, amma amsar nan ta shige ni. Ya rubuta wasiƙa shafi shida zuwa hedikwatar banki, yana neman a yi cikakken bincike daga ranar farko, kada a tsallake ko sisi. Ya ce in muka sa lambar asusunmu da hannunmu a ƙasa, mu ma za a dawo mana da namu, shi kashi goma cikin ɗari kawai zai karɓa, don maƙwabtaka. Hajiya ta ce ita dama kuɗin saƙon nan yana ƙona mata rai. Ta sa hannu. Ni ma kwaɗayi ya ja hannuna, na rattaba sunana da kyau har da ƙawa a ƙarshe.

Ni na raka shi kai wasiƙar. Jami'in rance, wani siriri mai tabarau wanda shi ya cike mana takardu tun farko, ya karanta ya kai ƙarshe, sai na ga zufa ta tsatsafo masa a goshi alhali na'urar sanyi tana aiki. Ya tashi ya tura ƙofa.

Ya ce, "Yallaɓai, don girman Allah kada takardar nan ta je sama. Mu sasanta a nan. Zan roƙi manaja a yafe maka rabin kuɗin ruwa, ka biya sauran cikin wata shida, firizojinka suna wurinka."

Odita ya taka ƙafata a ƙarƙashin tebur har sai da na ji a ƙwaƙwalwa. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Rabin kuɗin ruwa? Ɗan'uwa, ka makara. Sa mini hatimin karɓa a nan."

"Yallaɓai, ka yi tunani. Ba kai kaɗai ba ne a takardar nan."

"Hatimi!"

Muna fita ya ce, "Ka ga zufa? Ɓarawo ne kaɗai ke zufa a cikin sanyi." Ni kuwa gogan naka sai gyaɗa kai nake yi, ina lissafin shagon da zan faɗaɗa.

Sati ukun da muka yi muna jiran amsa, Odita bai taka ƙasa ba. Ya je ya taya wata mota. Ya gaya wa mai ɗakinsa ta fara ɗaure kaya, sun kusa barin gidan haya. Ya sa na ɗinka masa kwat mai maɓalli shida, bashi, wai ba a karɓar miliyan arba'in da rigar ƙanƙara. Duk wanda ya gaishe shi a layi sai ya ce masa, "Kawo lambar asusunka kafin a rufe." Allah ya taimaki mutane, ba su kawo ba.

Ranar zama aka shigar da mu wani ɗaki mai dogon tebur. Ga manaja, ga jami'in rance ya takure a kusurwa, ga kuma wata mata da hedikwata ta turo, mai binciken kuɗi ta gaske, ba ta da biro ko ɗaya a aljihu. Odita ya miƙe zai yi jawabi, ta ce ya zauna tukuna. Ta jawo takardarsa mai jan zane.

"Malam, wannan layin na gefen dama da ka tara, ka san mene ne?"

"Abin da kuka kwashe."

"A'a. Sauran bashin da ake bin ka ne, ana maimaita shi a ƙarshen kowane layi. Bashinka ka tara sau hamsin da biyu."

Hajiya ta juyo a hankali ta dube shi tun daga maɓalli na farko har na shida.

Odita ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan kuma ra'ayinki ne."

Matar ta ce, "Amma mun sami kuskure. An caje ka kuɗin saƙo sau biyu a watanni huɗu. Ɗari huɗu da goma sha shida, an mayar maka, muna ba da haƙuri."

Ai sai ya zabura ya daki tebur. "Kun ji! Tela, ka ji da kunnenka! Sun amsa laifi! A rubuta!"

"An rubuta. Akwai kuskure na biyu." Ta buɗe wani fayil. "Yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ta ce duk wanda ya makara da biya akwai tarar jinkiri. Ranar da aka shigar da rancenku, ma'aikacinmu ya manta bai kunna tarar a kwamfuta ba. Shekara guda ba wanda ya lura. Tunda kun nemi a bincika daga ranar farko, kada a tsallake ko sisi, ba mu tsallake ba."

Jami'in rance ya cire tabarau yana gogewa, bai ɗago ba.

Ta karanto. Ni dubu arba'in da bakwai. Hajiya dubu ɗari da goma sha biyu. Odita, da tarar wata bakwai, da kuɗin ruwa, da cajin kwafi biyar masu hatimi, bashinsa ya haura miliyan ɗaya, wato ya fi abin da ya ranta tun farko. Wallahi na ji kamar in yi kuka, don kuɗin nan na makarantar 'ya'yana ne na zango guda.

Odita ya ce, "To... a dawo kan maganar rabin kuɗin ruwa."

Manaja ya ce, "Wannan tayin reshe ne. Yanzu magana tana hannun hedikwata, kai ka kai ta da kanka. Kwana talatin, ko mu zo mu ɗauki jingina."

Muka fito bakin titi. Nan Hajiya ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Kai, Odita! Shekara guda Allah ya rufa mana asiri, banki yana barci, kai ka je ka tashe shi da wasiƙa shafi shida! Kashi goma ka ce naka ne, ko? To kawo dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu, lissafin ai kai ne gwaninsa!"

Ya ce wai mu kwantar da hankali, zai ɗaukaka ƙara. Na ce in ya ƙara rubuta sunana a wata takarda, da almakashi za mu gaisa.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, mai ɗakinsa, wadda ta fi shi hankali nesa ba kusa ba, ta zo da masu baro da sassafe ta kwashe firiza ɗaya zuwa gida. Ta leƙo shagona ta ce, "Tela, da wannan za mu ci abinci ni da yara. Shi kuma ya ci lissafi." Na ce ban ga komai ba.

Ranar ɗaukar kaya layi ya cika da 'yan kallo. Ma'aikacin da banki ya turo sabo ne, bai san komai a kan rancen ba sai abin da ke takardarsa. Ƙarti suka ɗora firiza biyu a mota suka ɗaure. Ya miƙa wa Odita takarda ya ce, "Sa hannu a nan, an kammala."

Na leƙa ta kafaɗarsa. An rubuta: firiza guda biyu. Wani ya yi kuskure wurin kwafa, ta uku ta faɗi daga lissafin banki gaba ɗaya. Don murna na ce a raina yaran nan sun tsira. Na matso na raɗa masa, "Sa hannu, ka yi shiru."

Amma idon Odita ya riga ya sauka a kan lambar. Na ga fuskarsa ta washe. Wata guda ana yi masa dariya a layin nan, yau ga banki a hannunsa, ga shaidu sun fi hamsin. Na ja masa riga. Hajiya, duk da haushinsa da take ji, ta yi tari har sau uku. Ina! Ya ɗaga takardar sama ya juya ta ga jama'a.

"Jama'a ku shaida! Bankin da ke cewa ban iya lissafi ba! Biyu suka rubuta! Uku ne! Firiza uku na jinginar, ga rasit!"

Ma'aikacin ya karɓi rasit ya duba, ya leƙa cikin shago, ya dawo.

"Gaskiyarka, Malam. Ina ta ukun?"

Odita ya ce da 'yar ƙaramar murya: "Tana gida."

Ma'aikacin ya gyara biyu ta koma uku, ya buɗe masa ƙofar gaban mota.

"Mun gode ƙwarai. Shigo ka nuna mana hanya. Kuɗin zuwa wuri na biyu kuma a asusunka za a sa."