Ranar da Aka Yi Mini Ruƙiyya Saboda Yoga

Ba zan taɓa mantawa da farkon bazarar da surukata ta zo mana Madina ba. Ko na so in manta, dangin mijina ba za su bari ba.

Lokacin ina aiki a sashen magunguna na wani asibiti, muna zaune a unguwar Ƙurban ni da maigidana. Zafi ya fara kunno kai, irin wanda in ka taɓa ƙofar mota sai ka yi salati. Kowa a wurin aiki ƙorafi yake, ban da wata nas 'yar Indiya, Sista Mini. Ita kullum fes, ko ɗigon gumi babu. Ni kuwa Allah ya yi ni da son bin diddigi, sai na tsare ta da tambaya.

Ta ce yoga ce sirrin. Wai in zafi zai shigo, tarbarsa ake yi kamar baƙo: a rage yaji, a yawaita kankana da kokwamba, a riƙa miƙe gaɓoɓi da safe, sannan a yi wani numfashi mai sanyaya ciki. (Maganar rage yaji nan na bar ta, ko gida ban kai ta ba.) Ta nuna mini numfashin: ka zaro harshe, ka naɗe shi kamar mazurari, ka zuƙo iska. Na gwada, wallahi na ji sanyi har maƙogwaro. Na ce to, in harshe kaɗai ya yi wannan aiki, ina ga sauran jiki? Ta ara mini kaset ɗin bidiyo.

Ranar Juma'a da safe maigida ya fita sayo wake da gurasa, Hajiya surukata kuma ta koma barci bayan mun dawo daga Harami. Zuwanta na farko ke nan, kuma tun saukarta nake ta nuna mata natsuwa, magana ma a hankali nake yi. Na shimfiɗa bargo a falo, na cire ɗankwali, na kunna kaset ba sauti. Matar cikin bidiyon ta harɗe ƙafafu, kowace ta ɗora kan cinyar 'yar'uwarta. Da kyar da jan hannu nima na harɗe nawa. Daɗi ya kama ni, na kashe talabijin don in natsu, na ɗaga ido sama, na zaro harshe, na shiga zuƙar iska, siii, siii.

"Innalillahi! 'Yar nan?"

Hajiya ce tsaye a bakin ƙofa. Na yi hanzarin amsawa, yawu ya sarƙe ni, na kama tari. Na yunƙura in tashi, ashe ƙafafun sun sandare, sun ƙi kwancewa. Sai na ɓingire gefe guda a harɗe, kamar tulu.

Hajiya ta fita da gudu ba takalmi, ta dawo da maƙwabciyarmu Khala Zainabu, wata dattijuwa haifaffiyar Madina da kakanninta suka zo hajji daga Katsina suka zauna.

"Ya Satir! Ish fiki ya binti? Me ya same ki, 'yata?" Khala ta durƙusa kaina. "Hajiya, riƙe mata kai, ki miƙo Zamzam!"

Kafin in ce uffan an watsa mini ruwa a fuska. Khala ta kafa baki a kunnena tana karatu, Hajiya tana kuka tana cewa, "Lafiya lau muka rabu da yarinyar nan." Da na samu numfashi na ɗaga murya: "Yoga ce! Yoga!"

Khala ta dubi Hajiya, ta gyaɗa kai. "Kin ji, ya faɗi sunansa." Ta damƙi babban yatsana. "Yoga, fita! Ukhruj! Me baiwar Allah ta yi maka?"

A haka maigida ya shigo da ledar gurasa. Shi ya san da kaset ɗin, har tsiya ya yi mini a kansa. Ya dube ni a jiƙe sharkaf, ya buɗe baki zai yi bayani, dariya ta ƙwace masa. (Har yau ban gama yafe masa wannan ba.) Sai da ya jingina da bango ya iya cewa, "Khala, ƙafarta za ku warware mata, ba aljani ba ne."

Aka warware ni. Na lalubo ɗankwali, na kunna musu bidiyon kaina a ƙasa. Hajiya ta matso kusa, ta daɗe tana kallon matar tana lanƙwasa.

"To ita wannan me ya same ta?"

"Maganin zafi ne, Hajiya."

Ta ɗaga kai ta dubi na'urar sanyaya ɗaki da ke bango, ta sake dubana. "Wannan lalacewa ta yi?"

Khala dai ba ta yarda gaba ɗaya ba, da la'asar ta aiko mini da habbatus sauda. Hajiya kuma da ta koma Kano ta ba kowa labari, har yanzu in na kira gida sai wani ya tambaye ni ko Yoga ya sake dawowa.

Ban daina ba, don gaskiya numfashin nan yana aiki. Amma na koyi abu guda: duk abin da zai sa ka zaro harshe a gidan da akwai suruka, ka fara yi mata bayani, sannan ka sa wa ƙofa sakata.