Yadda Za Ka Zama Masanin Launi Kafin Jirgin Inna Ya Sauka

Kai da kake son a riƙa kiranka gwani a unguwa ba tare da ka taɓa durƙusawa gaban mai koyarwa ba, gyara zama, ka zo inda ya dace. Matakai bakwai ne, kuma na yi maka alkawari in ka bi su sau da ƙafa, sai an yi hirar bangon gidanku daga Kibiya har Rano. Ba shaci-faɗi nake ba. An gwada su a kan Ishiyaku, autan Inna Hansatu ta Kibiya, magidanci mai shekara talatin da huɗu. Yana nan da ransa, kana iya zuwa ka tambaye shi, in zai amsa.

Mataki na ɗaya: Yi alkawari a gaban jama'a

Da baki ake farawa, ilimi ya biyo baya in ya ga dama.

Ranar da Inna Hansatu ta tafi aikin Hajji, kowa a gidan yana da abin nunawa. Ƙasimu, babban ɗanta mai shagon taki a Kano, shi ya biya kujera. 'Ya'yanta mata suka ɗinka kayan tafiya. Ishiyaku kuwa jaka ya ɗauka ya sa a bayan mota, ita ma sai da direba ya gyara mata zama. Shi ne wanda ya fara kiwon kaji suka ƙare cikin wata biyu, ya buɗe wurin cajin waya janareto ya mutu, ya shiga koyon ɗinki ya fito bai iya sa aljihu ba. Inna ba ta taɓa goranta masa ba, kuma shirun nan nata ya fi zagi yi masa ciwo. Burinsa ɗaya ne: ko sau ɗaya ta dubi wani abu ta ce wannan aikin Auta ne.

To, ka san ba a barin mai dawowa daga Makka ya tarar da ƙofar gida yadda ya bar ta. Bangon zauren gidan na jar ƙasa ne, marigayi mahaifinsu ya yaɓe shi da hannunsa ya shafe da makuba, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shi. Da Ƙasimu ya ce zai turo mai fenti daga birni, sai Ishiyaku ya yi gyaran murya a gaban 'yan rakiya.

"Yaya, ku bar min bangon nan. Ni zan yi."

"Ka iya?"

"Haba Yaya! Fenti ne fa, ba tuƙin jirgi ba."

Ka lura da kyau: shaidu sun fi ashirin. Kada ka yi alkawarinka a gaban ƙasa da haka.

Mataki na biyu: Nemi ilimi, amma kada ka zaƙe

Ilimi mai yawa yana kawo shakka, mai shakka kuwa ba ya zama gwani. Ishiyaku ya bar kwana talatin suka wuce, sannan ya nemo bidiyo a waya mai tsawon minti goma.

A nan ya ji cewa launuka ma suna da iyaye, su uku: ja, ruwan ɗorawa da shuɗi. Ja da ɗorawa su haifi ruwan lemo, ɗorawa da shuɗi su haifi kore, ja da shuɗi su haifi ruwan malmo. Ya ji akwai masu zafi, dangin wuta da rana, akwai masu sanyi, dangin ruwa da ganye. Ya ga yadda ake jera su a da'ira, ja yana fuskantar kore, kuma in an ajiye masu fuskantar juna kusa da kusa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa haske. Mai bayanin ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma fa a kiyaye, idan aka zuba su a mazubi ɗaya..." Nan data ta ƙare.

Kada ka sayi wata. Minti shida ya ishi mai basira. Ishiyaku ya ɗauko faifan matarsa na rufe tuwo, ya liƙa takarda, ya zana da'irar a kai, ya shiga gari da shi a hammata.

Mataki na uku: Sayi bokiti ɗaya tak

Hau babur ka je Rano. Sayi farin fenti babban bokiti ɗaya, da 'yan kwalaben kala uku, na iyayen nan. Mai shago zai ce ka riƙa ɗiba a gwangwani kana gwadawa kafin ka juye a bokiti. Shekararsa ashirin yana sayar da fenti, amma ka tambaye shi ko ya san launi mai sanyi. Ishiyaku ya tambaya. Mutumin ya dube shi, ya dubi faifan, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Mataki na huɗu: Haɗa a ƙofar gida, inda manya suke wucewa

A gaskiya tsarin Ishiyaku ba laifi. Ya ce Inna daga zafin Makka take, don haka launi mai sanyi ya kamata ya tarbe ta: ruwan sararin samaniya, da farin layi ɗaya a ƙasa don ido ya sami wurin hutawa. Ya ɗiga shuɗi a cikin farin, ya juya da muciya, abu ya fito tas kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Da a bayan gida ya haɗa, da labarin ya ƙare lafiya, kuma da ba ka sami abin koyo ba.

Ana cikin haka sai ga Malam Salahuddeen, limamin unguwa, wanda ya koya wa Ishiyaku baƙi tun yana ƙarami. Ya leƙa bokitin.

"Ishiyaku, wannan bula ce za a yi wa Hajiya?"

"Allah gafarta Malam, launi ne mai sanyi."

"Wadda ta je Madina ta ga koriyar ƙubba da idonta, ai kore ya dace da ƙofarta. Amma fa shawara ce."

Kai ma ka san shawarar malaminka ba shawara ba ce. Sai dai a nan ilimi ya yi rana. Ishiyaku ya dubi faifai, ya buɗe kwalbar ɗorawa ya tsiyaya, ya juya, sai ga kore shar kamar gonar masara a tsakiyar damina. Malam ya ce, "Masha Allahu! Ashe da gaske kake." Ishiyaku ya ji kamar a ba shi wani bangon ma.

Mataki na biyar: Kada ka ce wa Gwaggo a'a

Wannan shi ne zuciyar darasin, ka buɗe kunne.

Kafin ya tsoma buroshi, babur ya sauke Gwaggo Maijidda, ƙanwar mahaifinsa, daga Durba. Ta zo taya shirin tarba, kuma Gwaggo ba ta taɓa ganin abu ta bar shi yadda ta gan shi ba.

"Wannan kuma mene ne? Ɗakin shan magani za a buɗe a gidan yayana?"

"Gwaggo, Malam ne ya ce..."

"Malam namiji ne. Mace ce za ta dawo, ai sai a yi mata abu mai fara'a, ruwan hoda. Ga ja can a kwalba ina gani. Zuba."

Ishiyaku ya dubi faifai. Ja yana nan daidai gaban kore, kuma wani abu a ransa yana tuna masa yatsan mutumin bidiyo. Ya buɗe baki, ya tuna wannan matar ce ta goya shi lokacin da Inna ta yi jinya, ya rufe. A garinmu mutum ya gwammace ya ɓata bokiti da ya ɓata wa gwaggonsa rai, ballantana a ƙofar gida, mutane na kallo.

"Kaɗan, Gwaggo?"

"Kawo nan."

Ta juye kwalbar duka, har da bubbuga gindinta.

Ya juya. Koren ya yi duhu, ya yi kamar miyar kuka, ya wuce nan ya koma kamar ruwan kududdufi bayan shanu sun sha. Gwaggo ta ce bai juya da kyau ba, ta shige cikin gida. Ishiyaku ya ƙara sauran shuɗin don ya dawo da sanyi, ya ƙara sauran ɗorawar don ya dawo da haske, iyayen launuka uku suka haɗu a mazubi ɗaya, kuma a ranar ya gano abin da suke haifa. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Yana tsaye da muciya sai ga wayar Ƙasimu: jirginsu Inna gata da hantsi.

Mataki na shida: Ka ce sai ya bushe

Kowane gwani yana da kalmar da yake ɓuya a bayanta. Taka ita ce wannan.

Ishiyaku ya shafa. Kwana biyu yana kan tsani daga fitowar rana zuwa magariba, ya bi kowane lungu, ya yi shafi biyu, kafaɗa kamar za ta cire. Ko farin layin bai samu ba, don farin duk ya tafi a bokiti. Duk wanda ya tsaya yana kallo, sai ya ce masa, "Jiƙe yake. Sai ya bushe za ka ga ainihinsa."

Ya bushe kuwa. Ya fito jar ƙasa mai duhu-duhu, launin makuba sak, ko wanda ya haifi bangon ba zai bambance shi da na da ba. Da safiyar ranar saukar, mai shayin bakin titi ya leƙo ya ce, "Ishiyaku, wai yaushe za a fara fentin ne? Yau fa take dawowa." Ishiyaku ya juya. Ya shiga bayan gida ya dirje hannunsa da sabulu da yashi, amma abin da ya shiga ƙarƙashin farce ya ƙi fita.

Mataki na bakwai: Tsaya a baya

Da azahar mota ta tsaya, mata suka rangaɗa guɗa. Ƙasimu ya fito, ya dubi bangon, ya dubi ƙaninsa, ya girgiza kai kawai, kuma Ishiyaku ya so a ce ya zage shi. Gwaggo ta sami aikin yi a wajen jakunkuna. Malam Salahuddeen ya duƙufa da addu'a, ido a rufe.

Inna Hansatu ta sauko a hankali, ta rame, ta yi baƙi, haƙorin Makka yana ƙyalli. Ba ta shiga ba. Ta tsaya gaban zauren ta daɗe tana kallo, sannan ta kai tafin hannu ta dafa bangon.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Kwana arba'in idona bai ga komai ba sai farin dutse da fitilu. Tun a jirgi nake fargaba, na ce yaran nan za su shafe min bangon babansu da wani fenti, in dawo kamar na sauka a gidan wasu. Wane ne ya hana?"

Ƙasimu ya buɗe baki, Gwaggo ta taka masa ƙafa.

"Auta ne aka bar wa bangon," in ji Gwaggo.

"Ina yake?"

Ya fito daga bayan mutane ya durƙusa, hannuwa a ɓoye cikin aljihu. Inna ta ce ya kawo hannu. Ya miƙa. Ta riƙe, ta juya shi, ta ga ja a ƙarƙashin wannan farcen, shuɗi a wancan, ɗorawa a babban yatsa, ga kanta sabuwa a tafin. Ta ɗan ja hanci, don bangon har yanzu yana tashin warin fenti. Ta dube shi, shi kuma ya kasa ɗaga kai.

"Ban taɓa ganin wanda ya wahala haka wajen barin abu yadda yake ba," ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. Sannan ta ɗaga murya. "Wannan aikin Auta ne. Allah ya yi maka albarka. Tashi, kai za ka fara shan zamzam."

Ishiyaku ya tashi, idonsa ya cika, ya ce warin fenti ne.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya fito daga bokitinka. In bangonka ya koma ruwan kududdufi, ka nemi gwaggonka. In matarka ta nemi faifanta, ku ƙare can. Matakan nan shida na farko ina da tabbacin za su yi maka aiki yadda suka yi wa Ishiyaku, ko a kan wane bango. Na bakwai kuwa ba na ɗaukar alhakinsa, don ba a sayar da irin Inna Hansatu a kasuwar Rano. In ba ka da irinta, ka sayi data ka ƙarasa bidiyon.