Ranar da Kakana Ya Sa wa Kwamfutata Albarka

Ba na jin zan taɓa wayar gari in ga na manta da safiyar da aka kai kwamfutata zauren kakana a Djougou domin a sa mata albarka. Na yi ƙoƙarin mantawa, Allah ne shaidata, sai dai dangina mutane ne masu riƙon tarihi da kyau, musamman idan tarihin na kunyar wani ne.

Ya kamata in fara da bayanin irin mutumin da nake a lokacin. Na kammala digiri a fannin tattalin arziki, na dawo gidanmu a unguwar Albarika ta Parakou da takarda a hannu da fuskar da ba ta dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ba na gauraya Hausa da Faransanci. Idan mutum ya ce mini "ordinateur", sai in tambaye shi cikin ladabi ko na'ura mai ƙwaƙwalwa yake nufi. Kakana na wajen uwa, Alhaji Babba, tun ina ƙarami ya laƙaba mini suna Alƙali, wai ko kunu nake sha sai ka ce hukunci nake yanke masa. Abin da dangi ba su sani ba shi ne, alƙalin nan yana da wata rayuwa ta biyu. Akwai wasan yaƙi na kwamfuta da ake haɗuwa ta intanet a kafa runduna, ana harbi ana magana da juna. Ni da abokina Nasiru mukan je wani shagon hayar kwamfuta a unguwar Ganou mu yi (nakan cire hulata in sa a aljihu kafin in shiga). Sunana a fagen fama Barden Albarika.

Ana nan sai Kawu Idrisu, ƙanin mahaifiyata, wanda ke riƙe da kasuwancin gidan na kashu da ƙwarar kaɗanya, ya kira ni shagonsa. Ya ce ya gaji da biyan baƙi suna rubuta masa wasiƙu zuwa ga manyan masu saye na Kwatano.

"Ga kujera, ga fanka," in ji shi. "Kai za ka riƙa magana da su da sunana. In kuwa na ga ba ka dace ba, akwai sikeli a rumbunmu na Pélébina yana neman mai tsaya masa a rana. Na'urar aiki kuma ka zaɓa da kanka, ni zan biya."

A wannan jimla ta ƙarshe Shaiɗan ya sami wurin zama.

Na yi bincike irin wanda ban yi wa kundin digirina ba. Na gano kwamfutocin tafi-da-gidanka aji uku ne a wurin mai irin buƙatata. Akwai siraran nan na ofis, masu sauƙin ɗauka da batir mai kai yamma, waɗanda in ka buɗe musu wasan yaƙi sai su kama rawar sanyi. Akwai na ƙoli, waɗanda jin farashinsu kaɗai ya isa ya kwantar da Kawu a asibiti. Sai na tsakiya. Na zaɓi ta tsakiya, har ina jinjina wa kaina a kan ƙanƙan da kai. Tana da katin sarrafa hoto mai zaman kansa, da ƙwaƙwalwar aiki gig goma sha shida, da ma'adana mai sauri, da allon da hoto ba ya sarƙewa a kansa ko ana gudu. Na kuma san abin da na sadaukar: tana da nauyi, tana da zafi, fankokinta suna da murya, batirinta kuwa ba ya son nisa da bango. Duk na san wannan. Ina jaddadawa ne don kada mai karatu ya yi mini uzurin jahilci.

Ranar saye Kawu ya ce sai ya raka ni. Muna shiga shagon ya ɗauki wata siririya yana juya ta.

"Wannan fa? Kamar faranti. Ko a aljihun babbar riga sai ta shiga."

Na gyara murya. Na yi masa bayani, da Hausa wadda babu ƙura a jikinta, cewa lissafin kashu na zamani da hotunan buhunan da za a riƙa aika wa masu saye suna buƙatar katin hoto na musamman.

"Hoton buhu ne sai an yi masa kati?"

Mai shagon, wani Bashiru, ya dube ni, ya dubi wadda na nuna, ya sake dubana.

"Grand frère, aikin naka, na mutum huɗu ne ko kai kaɗai kake shiga?"

Na yi kamar ban ji ba. Shi kuwa da ya ga inda ribarsa take, sai ya juya ga Kawu ya ce, "Alhaji, irin wannan injiniyoyi ke saye." Kawu ya ɗaga cajar, wadda ta kusa girman bulo, ya auna ta a tafin hannu kamar yadda yake auna kashu.

"Wannan ma tamu ce, ko ta ginin shagon ce?"

Ya biya. Ya kuma ce, kamar yadda na san zai ce, ba za a fara aiki da ita ba sai an kai ta Djougou.

Ga wanda bai san gidanmu ba, dole in yi bayani. Kakanninmu fataken goro ne. A zamaninsu idan an sayi sabon jaki, sai a kawo shi gaban babban gida, a fasa goro, ya ɗora masa hannu a yi addu'a, sa'an nan a ɗora masa kaya ya taka a gaban jama'a, kowa ya ga abin da aka saya. Jakuna sun wuce, al'adar ta zauna. An yi wa babbar motar Kawu, an yi wa babura, an yi wa injin niƙan kakata. Sharaɗin bai taɓa canzawa ba: duk abin da aka saya don sana'ar gidan, sai ya yi aikinsa a gaban dattawa.

Na shirya tsaf. Na tsara jadawalin farashin kashu mai launuka, na rubuta wasiƙar gwaji, na kashe fitilun da ke ƙarƙashin madannai, na haddace jawabin da zan yi.

Da safiyar ranar, bayan an karya kumallo, sai aka ce limamin unguwa bai iso ba tukuna. Ina zaune a ɗakin baƙi, ga na'ura, ga wuta a bango, ga wayata tana ba ta intanet. Na ce wa kaina zagaye ɗaya ba zai rage wa albarka komai ba. Na sa abin sauraro a kunne, na sami Nasiru a fage. Wallahi na'urar ta cika alkawari. Ban taɓa ganin hayaƙin bindiga da kyau haka ba. Muna tsakiyar artabu na ji muryar Kawu daga tsakar gida.

"Alƙali! Kai ake jira!"

Na ce wa Nasiru, "Ku riƙe mini wuri, tsohon zai yi tofe-tofensa, yanzu zan dawo." Na fizge abin sauraro, na zare caja, na rufe murfi, na zura babbar riga, na daidaita hula da fuska.

Zauren ya cika. Alhaji Babba yana kan buzunsa, liman a damansa, kawunnai da maƙwabta sun jeru, ga faifan goro a tsakiya. Kakata Hajiya Iya da sauran mata suna bakin ƙofar cikin gida suna leƙe. Tsohon ya nuna gabansa, na durƙusa na ajiye ta a kan buzun. (Ta ƙasa take shaƙar iska. Na san gashin buzu zai toshe ta. Amma wa zai ce wa Alhaji Babba buzunsa bai dace ba?) Ya ɗora mata hannu, sai ya janye.

"Idrisu, marar lafiya kuka sayo? Jikinta zafi rau."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, ɗumin sabunta ne."

"To buɗe ta, Alƙali. Ba a yi wa abu addu'a a rufe. Malam, bismillah."

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Na ɗaga murfin, ni ma na buɗe tafukana. Tun a Parakou na cire mata kalmar sirri, don kada ta riƙa ɓata mini lokaci.

Madannan ne suka fara. Fitilun da na kashe ashe wasan yana kunna abinsa: ja, kore, shuɗi, suna bin juna kamar motar amarya. Sai fankoki suka tashi, da ƙugi irin na babur mai hawan tudu. Sai allo ya haska, sai harbi. Ba ƙaramin harbi ba, domin lasifikarta na cikin abubuwan da na yaba lokacin bincike.

Liman bai tsaya ba. Mutum ne mai sanin aikinsa. Ya ƙara murya kawai. Yana roƙon Allah ya sa wannan na'ura ta zama sanadin arziki na halal, bindiga tana amsawa, jama'a suna cewa amin idanunsu a kan allo. Ni kuwa hannuwana suna sama. In sauke su a tsakiyar addu'ar da ake yi domina? Na yi ƙoƙarin kai ɗan ƙaramin yatsana ga madannin rage sauti ba tare da tafin ya kife ba, hannun babbar riga ya riga ni sauka, ya danna wani abu daban. Sautin ya ƙaru.

A nan ne intanet ya dawo daga wayar da ke aljihuna, ya kawo Nasiru.

"Barde! Enfin, sai yanzu! Tsohon ya gama tofe-tofen? Zo maza, tun ɗazu aka kashe ka, gawarka muke gadi!" Ya yi dariya. "Kai, amma ka iya. Har yanzu kawun naka ya yarda ta lissafin kashu ce?"

Aka shafa fatiha. Ban taɓa jin shafa fatiha mai tsawo kamar wannan ba. Na so tafukana su zauna a fuskata har a tashi ƙiyama.

Alhaji Babba ya sunkuya kusa da na'urar.

"Salamu alaikum, bawan Allah. Tsohon ne. Bai gama ba tukuna."

Sai wata ƙaramar murya daga cikin na'urar ta ce, "Ina kwana, Baba," ta ɓace. (Nasiru ya yi wata guda ba ya bi ta layinmu.)

Na yi sauri zan buɗe jadawalin kashu, tsohon ya tare hannuna.

"A'a. Abin da muka tarar tana yi shi ne aikinta. Al'adar gidan nan kuma ka san ta. Yi mu gani."

Mai karatu, na yi. A durƙushe, cikin babbar riga, babu linzami sai ɗan faifan shafawa, na'urar kuma ta rage ƙarfi saboda ba ta jikin wuta. Na fito daga wani kango, aka harbe ni. Na sake fitowa, aka sake harbe ni. Dattawan da na zaci za su tashi cikin fushi sai suka matso.

"Bayanka! Ga shi can gindin katanga!"

"Wannan ai gudu yake yi," in ji liman.

"Ba gudu ba ne, Malam, dabara ce," na faɗa a raunane, na faɗa rami.

Hajiya Iya ta ɗago murya daga bakin ƙofa. "Angona, haka kake yaƙin? Ashe ranar da ɓarayi suka shigo ni zan tare maka!"

Matan suka fashe. Alhaji Babba ya fasa goro, ya jefa ɓari a baki, yana kallon gawata ta uku ko ta huɗu.

"Barde na ji an kira ka. Wa ya naɗa ka, Alƙali? A faɗa mini in je in karɓo kuɗin rawanin."

Batirin ne ya ji tausayina. Allo ya yi baƙi, fitilu suka mutu, fanka ta ja numfashin ƙarshe. Tsohon ya sake ɗora mata hannu ya ce ita kam ta yi aikinta, Allah ya yi mata albarka.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Bayan an watse Kawu ya kira ni gefen motarsa.

"Wasan bai dame ni ba," ya ce. "Ni ma ina dara da yamma, kowa ya sani. Da ka ce mini kana son wadda za ta yi aiki ta kuma yi wasa, da mun yi ciniki, wataƙila in ce ka cika wani abu daga albashinka. Amma ka tsaya a gabana da wannan Hausar taka mai guga ka sayar mini da ƙarya, na saya, har kana ba abokanka labari. Yanzu kuma in ba ka sunana ka riƙa rubutu da shi?"



Kakar kashu ta wannan shekara a Pélébina na yi ta, ni da sikeli da rana. Kwamfutar ta zauna a shagon Parakou, a kan teburin da ya kamata ya zama nawa, 'yar Kawu Hadiza tana rubuta wasiƙu da ita. Takan kira ni ta ce na'urar ba ta da laifi ko kaɗan, sai dai masu kawo kaya suna tambaya ko walda ake yi a ciki.

Har gobe ina nan a kan cewa zaɓina daidai ne, kuma duk wanda ya tambaye ni matsakaiciyar kwamfuta ta aiki da wasa, ina ba shi shawara kyauta. Nakan ce ya duba katin hoto, ya duba inda take shaƙar iska, kada ya yarda da batir. Amma kafin duk wannan, ya faɗa wa mai biyan kuɗin rabi na biyu na dalilinsa. In kuwa ya san ba zai iya faɗa ba, to aƙalla ya koyi harbi.