Daktar Agogo Ta Makara

Tun da aka kafa layinmu ba a taɓa yin shiru irin na ranar da Dakta za ta yi hira da mutanen ƙasar waje ba. Mai walda ya kashe injinsa. Mai niƙa ta kori masu kwano ta ce su dawo da yamma. Har mai cajin waya, wanda ko rasuwa aka yi ba ya rage kiɗa, ranar ya rage. Dakta ta zauna a shagon kakanta mai gyaran agogo, don nan ne kaɗai sabis ba ya ɗaukewa. Ta ɗora kwat ɗin aro a kan doguwar riga, ta buɗe kwamfuta, ta shirya murmushi. Haka ta yi ta yi wa allo murmushi har kumatunta suka gaji, babu wanda ya leƙo. Can sai ga saƙo: sun jira ta, ba ta zo ba, sun tashi, suna yi mata fatan alheri.

Ashe mutanen can suna da wata tsiya. Idan sanyi ya wuce, sai su tura agogon ƙasarsu gaba da awa guda. Ita kuwa ta lissafa tazarar lokaci tun ranar da aka gayyace ta, kafin su tura. Abin da ya fi ciwo, aikin da take nema a ɗakin binciken da ake ƙera agogo ne, irin wanda ba ya kuskure ko zai shekara dubu. Auna lokaci, shi ne abin da ta yi digirin dakta a kai a fannin fiziks.

Washegari ta so ta kwana biyu ba ta bi ta layin ba, sai ta tuna ta bar cajar kwamfutarta a shagon. Ta tarar da tsohon ya maƙala gilashin nan na ido ɗaya, yana tonon cikin wani agogon hannu da ɗan tsinke.

"Ina kwana, Tsoho."

"Kwana kuma? Rana ta take tsaka. Au, na manta, ke lokacinki daban ne. Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar murmushi?"

"Da sauƙi. Ya gajiyar zaman banza?"

"Ni da aiki a hannuna."

"Aikin da tun ina aji uku nake ganin sa a faranti ɗaya? Mai agogon nan ai ya daɗe a lahira. Ba ni cajata in wuce."

"Zauna tukuna. Mace ba ta shigo wa mijinta a tsaye kamar mai karɓar haraji."

"Wane mijin? Mai haƙori huɗu, biyu ma na rawa?"

"Da su na tauna miki rake kina ƙarama, butulu."

Ta zauna a kan bencin da ta zauna jiya. Agogunan bango suna ta ƙas-ƙas a kanta, wannan ya ce safiya, wancan ya ce la'asar, wani ya tsaya cak ya huta.

"Dubi nan," ta ce. "Bango cike da agogo, babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Shi ne kai ma za ka yi wa wani gorin lokaci?"

"Su marasa lafiya ne, asibiti aka kawo su. Ke kuwa likitar ce ta suma a bakin ƙofa." Ya cire gilashin ya dube ta. "Wai tsaya. Wa ya ba mutanen nan izinin taɓa rana?"

"Ba rana suka taɓa ba. Agogo."

"To ni tun uwarki tana rarrafe nake wannan sana'a. In agogon mutum ya yi gaba da awa guda, nan yake kawo min shi yana ba ni haƙuri. Su ƙasa guda ta lalace rana ɗaya, babu mai gyara, kuma wurinsu za ki je koyon lokaci?"

"Su da suka lalace ake roƙo. Mu masu lafiya wa ya neme mu?"

Daga ƙetaren hanya mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya kwaɗa kira. "Dakta! Yaushe za mu sake yin shirun? A gaya min da wuri in sallami masu ƙofa!"

Ta ɗaga masa hannu ba ta juya ba. Tsohon kuwa har da buga cinya.

"Ni abin da ban gane ba," ya ce, "an ce kin gama. Mun je, mun sha rana, kin sa hula mai kama da faranti, an ɗauke mu hoto ina riƙe da ke kamar ranar ɗaurin aurenmu. To me ya rage kuma?"

"Na gaya maka ya fi a ƙirga. Digirin dakta lasisi ne kawai. Bayan shi sai ka samu wani babba mai ɗakin bincike ya ɗauke ka, ka yi 'yan shekaru kana aiki da injinansa, sannan a yarda kai mutum ne."

"Wato yaron shago."

"Yaron shago mai digiri uku."

"To zo nan mana. Ga tsintsiya can."

"Kai da ko batir ba ka iya sakawa sai ka lalubo? Yaran yanzu a waya suke duba lokaci, Tsoho. Kai da ni duk ɗaya ne, mun iya abin da babu mai saye."

Ba ta yi niyyar faɗin haka ba. Da ta faɗa kuma sai sauran ya biyo baya, kamar an ɓalle bakin famfo.

"Ka san yadda ake neman abin nan? Ka zauna ka karanta aikin farfesa kaf, ka rubuta masa saƙo kana yabonsa kamar maroƙi. Shiru. Ka rubuta wa wani. Shiru. Wanda ya ji tausayinka ya ce ina binciken da ka wallafa. Ka ce injin ɗakin bincikenmu ya mutu tun kafin in shiga makarantar, ɓeraye ne ke digiri a cikinsa. Ya ce to a kawo shaidar malaminka. Malamin nawa kuma sai na yi sintiri a ƙofar ofishinsa kamar mai bikon mata kafin ya sa hannu, in ya sa kuma an rufe karɓa. Su ce in yi jarrabawar Turanci, ni da ko mafarki na yi a kan karatun nan da Turanci nake yin sa. Duk na yi. Waɗannan ne kaɗai suka taɓa cewa zo mu ji bakinki. Su kaɗai."

"Badi ma rana ce."

"Babu badi. Tallafin na waɗanda ba su daɗe da gamawa ba ne. Bana ce tawa ta ƙarshe. Badi na tsufa."

"Kin tsufa? A gabana? To ni a kira ni me, kayan tarihi?"

"Kai ai ka wuce tsufa, jiran mota kake."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ta miƙa hannu ta zare cajarta daga soket ta naɗe.

"Na gama magana da Kawu. Ranar Litinin zan fara zama a shagonsa."

"Wane Kawun? Ɗana mai tayil?"

"Kana da wani ne a ɓoye?"

"Wannan da aka kora daga makaranta saboda lissafi? Shi zai zama maigidanki?"

"Shi yake da mota, ni nake da hula mai kama da faranti. Can ma awo ne, Tsoho. In auna ɗaki, in auna bayi, in ce kwali kaza zai isa. Bayi ba ya matsawa gaba da awa guda."

Tsohon ya mayar da gilashin idonsa ya sunkuya kan agogon. Dakta ta ga yana neman wani ɗan ƙaramin noti da tsinken yana kuskurewa. A kan bencin nan take zama tana yarinya, ya tura mata matattun agoguna a murfin gwangwani, ta yi ta farke su tana tambayarsa me ke sa su tafiya. Haushi ya kama ta.

"Kai ka jawo min, ka sani. Da ka saya min 'yar tsana kamar kowace jika, da yanzu ina gidana da 'ya'ya biyar, ban san wani abu wai shi fiziks ba."

"'Yar tsana tsada gare ta. Mataccen agogo kyauta ne."

"Marowaci."

"Uwar 'yan makara."

Ya ajiye tsinken. Sai ga fuskarsa ta washe, irin washewar da Dakta ta sani tun tana ƙarama, wadda ba ta taɓa zuwa da alheri ba. Ya dafa tebur ya miƙe, ya leƙa waje.

"Mai walda! Kashe injin nan ka zo ka sha labari! Kira min mai niƙa ma!"

"Me za ka ce musu?"

"Gaskiya zan faɗa. Amaryata da gangan ta makara. Ta zauna ta duba ƙasar waje, ta dubi kyakkyawan mijinta, ta ga ba za ta iya ba. Ta zaɓi ta auna bayin mutane, in dai za ta riƙa ganina safe da yamma."

"Allah ya sawwaƙe! Kai ɗin?"

"Yo in ba haka ba, Dakta guda, mai auna lokaci, ta kasa sanin ƙarfe nawa? Wa zai yarda? So ne. Yau har masu sayar da kati sai sun ji."

"Wallahi ka zauna, ko in ɓoye haƙoran nan huɗu."

"To gaya wa mutanen can abin da ya faru, su sake sa miki rana."

"In ce musu me? Masu ƙera agogo fa. In ce ga Daktar lokaci, ba ta san kuna tura agogo ba, ku ɗauke ta? Ai gara su zaci mota ce ta buge ni."

"Kunyar wa kike ji? Layin nan kaf an sani, har masu wucewa an tsayar an gaya musu. Su kaɗai suka rage ba su ci dariyar ba. Ki ba su rabonsu."

"Mutum nawa ke layi a kan kujerar nan ɗaya? Ba za su amsa ba."

"Da can wa yake amsa miki? Ai ke da shiru kun saba, kamar ni da masu agogon nan."

Mai walda ya riga ya tsallako rabin hanya yana goge hannu a wando, bakinsa har kunne. Dakta ta dube shi, ta dubi tsohon da ke gyara murya kamar mai shirin shela. Ta san shi. Kafin magariba sai labarin ya kai gidan Kawu, kuma har ta mutu sunanta wadda ta fasa ƙasar waje saboda tsoho mai haƙori huɗu.

Ta fizgo wayarta. "Koma bakin aikinka, mai walda, babu labari!"

Ta rubuta a tsaye, babu yabo, babu kwana-kwana. Ta ce kuskuren nata ne, ta lissafa lokaci kafin su canza agogo. Ta ce in akwai sauran dama, ko ta minti goma ce, tana so. Ta karanta sau ɗaya, ta ji kamar ta tuɓe ɗankwali a kasuwa. Ta tura.

"Na tura. Hankalinka ya kwanta?"

"Me suka ce?"

"Yanzu fa na tura!"

Suka zuba wa wayar ido su biyu. Agogunan bango suka ci gaba da gardamarsu. Babu abin da ya shigo sai saƙon kamfanin waya, wai ta sayi waƙar kira.

"Ka gani ko? In Litinin ta yi ban ji komai ba, wurin Kawu zan tafi, kuma ko shela za ka yi a gidan rediyo sai dai ka yi."

"Na ji. Litinin ɗin tamu ko tasu?"

Ta harare shi. Ya fashe da dariya har da tari, ya ɗaga hannu biyu. "Shi ke nan, na bari, kin ci."

Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wani agogon hannu mai bel ɗin fata, wanda ya fi kowanne sheƙi a shagon. Ya ja kan makullin, ya murza a hankali, dogon hannun ya zagaya sau ɗaya cif. Ya kamo hannunta ya ɗaura mata, yatsunsa suna ta fama da ramin bel ɗin.

"Ungo. Na lalata miki shi irin na mahaukatan can. Shi ne agogo na farko da na ɓata da hannuna." Bai saki hannun nata ba. "In sun ɗauke ki, na san yadda za a yi. Kina can kina auna lokaci, nawa lokacin zai cika. Ki zo a makare yadda kika saba, ki tarar an binne mijinki har an watse."

Dakta ta dubi agogon, ta saɓa jakarta.

"Kwantar da hankalinka, Tsoho, na ɗauki darasi. Ranar jana'izarka da awa guda zan riga kowa zuwa. In na tarar ba ka shirya ba, sai in zauna in yi ta yi maka murmushi har ka gama."