Kaset ɗin Kawu a gonar gero

Ni fa na daɗe da yanke hukunci: duk waƙoƙin shekarun tamanin, zamanin yunwa da layin sayen sabulu, tarkace ne, roƙo ne kawai da kalangu. Na sha faɗa a majalisa, har da bugun ƙirji.

Saboda haka, shekarar da tsuntsaye suka sauko wa geronmu, ga shi babu kuɗin magani, ban shawarci kowa ba. Na ɗauko kwalin kaset-kaset da Kawu Sale ya ba ni ajiya tun da rediyonsa ya mutu. Na farfasa su, na ja zaren cikinsu a kan sanduna daga wannan iyaka zuwa waccan don ya kori tsuntsayen. Na riƙe ƙugu ina kallon ƙyallinsa, na ce yau dai waƙoƙin nan sun yi rana.

Da la'asar Kawu ya biyo ta gonar. Ya tsinci ɓawon wani kaset mai jan fenti, sai ya zauna daɓas.

"Innalillahi! Kai, a cikin wannan aka ambaci sunana! Ragona ɗaya tilo na ba mawaƙin, shekarar da muke cin dusa. Babu irinsa ko'ina!"

Abin da na iya cewa kawai, "Kawu, ai tsuntsayen sun gudu."

Ina! A kan zaren ma suke sauka.

Har yau, in iska ta taso, sai wani a majalisa ya ɗaga hannu: "Jama'a, a yi shiru, ana yi wa Kawu kirari a gona."