Kututturen Kakan Sarbuland

Garin Tangorai ya yi sa'ar da manyan birane ba su yi ba. Su sai sun tara malaman jami'a goma kafin su san abin da ya faru jiya. Mutanen Tangorai kuwa, Allah ya dunƙule musu komai a cikin mutum ɗaya: Sarbuland Khan, tsohon magatakardan ma'ajiyar katako. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a gindin gumagumai, ya ajiye aiki ranar Alhamis, ya wayi gari Juma'a masanin tarihi. Ba wanda ya naɗa shi. Wannan ma yana cikin kirkinsa, bai so ya wahalar da kowa ba.

A shagon shayin Zarshad, Kundi ake ce masa in ya ba da baya, saboda ƙaton littafin da ba ya rabuwa da hammatarsa. Kullum da hantsi zai zo, ya karkata hular ulunsa, ya zauna a gadon igiya mafi kusa da murhu, ya fara karantar da mutanen da shayi kawai suka zo sha.

"Kafin kakana Dilaram Khan ya sa ƙafa a kwarin nan," in ji shi, "ba kowa sai birai da ƙanƙara. Shi ya dubi dajin itatuwan al'ul ya ce, nan za a yi gari. Kogin nan ma da kuke gani, a lokacin bai san hanya sosai ba."

Masu sauraro sukan gyaɗa kai, don gyaɗa kai ya fi musu sauƙi. Wanda ya yi gardama sai a buɗe masa Kundi a nuna masa shafi. Abin da ke shafin kuwa Sarbuland ne ya rubuta shi da hannunsa makon jiya, saboda haka ba shakka a kai.

Kada a ce bai yi bincike ba. Ya yi. Ya bi gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Ya je wurin Bibi Gulandama, wadda mijinta da 'yan'uwanta biyu suka nutse a shekarar da gumaguman da ake korawa ta ruwa suka cushe a mashigin kogi, aka tura su da sanduna su warware. Tsohuwa ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo gurasar masara da man shanu, ta gyara zama za ta ba da labarin da ta shekara hamsin tana jiran a tambaye ta. Sarbuland ya yi awa biyu yana ba ta labarin kakansa, ya cinye gurasar, ya yaba mata da ƙarfin tunawa. A cikin Kundi, mazajen uku sun samu rabin layi: "wasu leburori sun yi sakaci." Dokin Dilaram Khan ya samu shafi huɗu.

Sai aka gama sabuwar gada, dattawa suka zauna neman sunan da za a sa mata. Masu zarto suka ce a kira ta Gadar Masu Kora Katako, don tunawa da waɗanda ruwa ya ci. Sarbuland ya ji abin kamar an mare shi a kasuwa. Ya nemi a ba shi mako guda ya kawo hujjar cewa sunan kakansa ne ya dace da gadar.

Kwana uku yana hawan tsauni da sanda, yana haki. A rana ta huɗu, a bayan tsohuwar maƙabarta, ya ci karo da wani kututture mai faɗin da mutum biyar za su zauna a kai su ci abinci. Ya tsaya, ya dube shi, zuciyarsa ta gaya masa gaskiya nan take: wannan ce bishiyar farko da kakansa ya sare da gatarinsa, shekara ɗari da suka wuce. Wurin ya ɗan yi masa kamar ya taɓa saninsa, amma ya ɗauka jini ne ke magana.

Ya sa aka kewaye kututturen da farar ƙasa, aka kafa allo. Ya rubuta wa babbar jami'ar gandun daji ta yankin, Madam Rukhsana, wasiƙa mai shafi shida, ta kuwa zo. Ya sauke ta a ɗakin baƙinsa, ya ciyar da ita shinkafa da kifin kogi, ta ɗaga kai ta yaba katakon rufin ɗakin. Daga nan gari duka ya bi su zuwa tsauni.

Sarbuland ya hau kan kututturen da takalmansa.

"Jama'ar Tangorai, ku dubi inda aka haife ku. A nan kakana ya ɗaga gatari. Sara ɗaya, kwari ya amsa. Sara na biyu, jahilci ya gudu. Kwana bakwai yana sara shi kaɗai, bai ci ba, bai sha ba, sai dai ya yi salla ya koma."

Yana cikin ba da labarin kwana na biyar sai aka ga Bakht Rawan, wani tsohon mai yankan itace da injin zarto ya cinye wa yatsu biyu, ya kuma cinye rabin jinsa, ya tsuguna yana shafa saman kututturen. Kasancewarsa kurma-kurma, in ya yi raɗa har tsallaken kogi ake ji.

"Ranka ya daɗe, gatarin kakan naka da fetur yake aiki?"

"Kawu, ana jawabi," in ji Sarbuland.

"Ai na gani. Amma dubi nan, shafe yake kamar faranti. Gatari ba ya haka. Wannan haƙorin inji ne. Ga ma inda sarƙa ta tsinke mini, na sake kamawa ta wancan gefen."

Madam Rukhsana ta matso. "Baba, kai ka yanke ta?"

"Ni ne, 'yata. Shekarar da aka hana saran ɗanyen itace. Lafiyarta ƙalau, ganye shar. Magatakarda ne ya ce in kwantar da ita, shi zai buga mata hatimin busasshiya." Ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku ya nuna sama. "Ga shi nan a kai. Ranka ya daɗe, ka manta? Da ita ka rufe ɗakin baƙinka."

Ba wanda ya yi dariya da farko. Bibi Gulandama ce ta fara, a hankali, cikin mayafinta, sannan abin ya bazu har bayan taro.

Sarbuland ya buɗe Kundi, ya rufe. Ya ce tarihi abu ne mai zurfi, ba kowa ke gane shi ba. Ya nemi sauka, ya ga kututturen ya fi tsawo a kan yadda ya hau shi, kuma ba wanda ya miƙo hannu.

Madam Rukhsana ta ciro ɗan littafinta na aiki da alƙalami, ta tambayi shekarar, Bakht Rawan ya faɗa. Ta tambayi cikakken sunan magatakardan, ya ce Sarbuland. Sarbuland ya leƙo daga sama ya ga, karon farko a rayuwarsa, hukuma na rubuta sunansa a takarda. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ki ƙara Khan a ƙarshe," in ji shi.