Yadda Ake Cin Intabiyun Kamfanin Fasaha Daga Gonar Suruki

Kai mai neman aiki, share hawayenka. Bi matakan nan sau da ƙafa, ka ci intabiyu ka gama. An gwada su a kan Ebenezer na Dabai, wanda ya nemi kujerar jami'in gudanar da ayyuka a wani katafaren kamfanin fasaha na Legas, kuma har yau yana raye.

1. Kada ka duba kalanda

Da sun sa maka ranar kiran bidiyo, ce "to". Duba kalanda aikin matsorata ne. Haka Ebenezer ya yi, sai daga baya ya tuna ranar golmo ce, wato noman da saurayi ke yi wa uban budurwarsa damina bayan damina kafin a ba shi ita. Mutane da yawa sun sassauta, amma ban da Saja Mika, tsohon soja, baban Saloma. A wurinsa wanda ya yi fashin yini ɗaya sai ya faro daga farko. Ebenezer ya ci damina biyar cikin bakwai, yana son Saloma kamar ransa, digirinsa kuma ya gaji da kwana a akwati.

2. Tafi gona da kwat

Sa kwat da laktaye, saɓa garma. Nemi inda sabis yake. A gonar Saja, kan wani suri ne kawai, tsakiyar dawa. Hau ka tsuguna. In tururuwa suka shiga wando, daure. Kamfanoni na son mai kuzari.

3. Kada kalmar noma ta fito daga bakinka

Madam Farida, mai yin tambayoyin, ta ce ya faɗi gogewarsa.

"Shekara biyar ina jagorantar tawaga a fili, ranki ya daɗe."

"Wace hayaniya ce haka a bayanka?"

"Waƙar ƙarfafa ma'aikata ce."

Abokansa ne da suka zo taya shi huɗa, suna rera masa waƙa da yarensu na C'lela cewa akuya ta tsinke da igiyarta ta haye suri. Madam ta gyaɗa kai, ta ce su ma suna da irin wannan tsarin a ofis.

4. Yi ƙorafi da harshen manya

Za su tambaye ka yadda kake yi da abokin hulɗa mai wuyar sha'ani. Ebenezer ya ce yana da guda, wanda ke auna kunya da sanda, kuma bai taɓa yi masa murmushi ba ko da Kirsimeti. Nan Madam ta gyara zama. Ta ce irinsa suke nema.

5. Kada ka waiwaya

In ta ce tana son jin ta bakin shugabanka, kuma ka ga inuwa ta rufe wayar, to ya iso. Saja ya fizge wayar ya manna a kunne, Madam ta sha kallon gashin kunnen soja.

"Ɗiyata, wanga yaro? Bai taɓa makara ba. Ruwa da rana yana nan. Kada dai ki faɗa mashi, kansa zai kumbura."

Ebenezer, da ke tsaye dab da shi, ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ya ce tururuwa ne.

6. Tambayar ƙarshe

Madam ta ce ta ɗauke shi. Yaushe zai fara?

"Bayan damina biyu," in ji Saja.

"Baba, ran Litinin muke so," in ji Madam. "In ba haka ba, wani za mu ɗauka."

Saja ya miƙa masa wayar, ya harɗe hannu. Garemani suka tsaya cak. Daidai lokacin Saloma ta iso da kunun ma'aikata a ka, ta tsaya bakin kunya. Ebenezer ya dubi Legas a tafin hannunsa, ya dubi Saloma.

"Madam, kujerar nan ba ta iya jira har kaka ta biyu?"

Ba ta iya ba. Ya yi godiya, ya sauko daga suri, ya kwance laktaye, ya ɗauki garma.

Saja ya yi gyaran murya. "Na yafe maka damina guda. Amma kunya huɗun da ka bari kana hira da waya, sai ka cika su yau."

Gargaɗi

Cin intabiyu na yi maka alkawari, ban ce za ka kama aiki ba. Cizon tururuwa, fushin suruki da auren da ya biyo baya, duk babu ruwana. Mai neman shaida ya je gonar Saja: kwat ɗin na nan jikin mutum-mutumi yana korar tsuntsaye, kuma a duk gidan shi kaɗai ne ya samu aikin gudanarwa.